Sifikun Tasi'u da Sunan da Ba a Ji Ba

Akwai wani matashi a Tudun Wada, Tasi'u, mai ɗan situdiyo a bakin kasuwa. Yana ɗaukar waƙoƙin biki, ya haɗa murya da kiɗa a kwamfuta. Hannunsa na da kyau, wannan kam ba a musu. Matsalarsa ɗaya ce: son a gani a yaba.

Da tsofaffin sifikunsa, wato lasifikokin da yake sauraron waƙa da su, suka mutu, sai ya tattara ɗan abin da ya tara ya shiga Kano. Kuɗin ba su da yawa, iri ɗaya kawai za su iya saya.

Mai shagon, wani dattijo Alhaji Ubale, ya ajiye masa iri biyu. Na farko 'yan ƙanana ne baƙaƙe, ba ado, waɗanda masu haɗa waƙa ke kira monita. Na biyu kuwa manya ne har ƙugu, da fitilu ja da kore masu walƙiya idan kiɗa ya tashi.

"Ɗana, in aikin haɗa waƙa za ka yi, ɗauki ƙananan," in ji Alhaji Ubale. "Ba su da daɗin ji, amma abin da ka zuba shi za su fito maka da shi. Manyan na taro ne, murya suke ɗagawa su yi mata kwalliya."

Tasi'u ya yi dariya. "Haba Alhaji! In kai waɗannan 'yan mitsi-mitsin garinmu, ai sai a ce rediyo na sayo."

Haka ya ɗaure manyan a saman mota ya dawo. Ranar kuwa har masu shayi sai da suka leƙo kallo, shi ko sai washe baki yake.

Ba a jima ba aka sa bikin Rufaida, 'yar baffansa da ke Yako. Rufaida marainiya ce. Mahaifiyarta Kaltume ta rasu tun tana goye, kakarta Iya Turai ce ta raine ta. Kun san yadda waƙar biki take a wajenmu: kowa kunnensa na jiran inda za a ambaci nasa. To da aka ba Tasi'u aikin waƙar, Rufaida abu ɗaya ta roƙe shi.

"Yaya Tasi'u, don Allah a sa sunan Ummata, a yi mata addu'a a ciki. Ina so Iya ta ji an kira 'yarta a gaban mutane ranar kamu."

"An gama," in ji shi.

Mawaƙi ya zo ya rera, baitin Kaltume ya fita da kyau. Tasi'u ya zauna haɗawa. Da yake manyan sifikun nan ihu suke da murya, sai ya ji kamar ta yi yawa. Ya rage ta. Ya ƙara kiɗa. Ya sake rage ta. A cikin shagonsa kam, waƙa ta yi zam-zam.

Ana jibi kamu Rufaida ta zo karɓa. Ta ce, "Yaya, tura min a waya mu ji yadda za ta fita, don a 'yar ƙaramar sifikar gida za mu sa."

Sai gogan naku ya ɗaure fuska. "Ke Rufaida, ni za ki koya wa aiki? Kin ga kayan da na haɗa ta da su kuwa? Je ki kawai."

Ta karɓa ta tafi. Hidimar biki ta sha kanta, ba ta ƙara bi ta kai ba.

Ranar kamu da la'asar, tsakar gida ta cika da mata. Aka shimfiɗa wa Iya Turai tabarma kusa da amarya, ta ci ado da sabon mayafi, tun safe take gaya wa kowa yau za a kira Kaltumenta. Tasi'u na tsaye a bakin zaure, yana jiran yabo.

Aka kunna. Kiɗa ya tashi, dum-dum, kamar ana daka. Murya kuwa can ƙasa, sai ka ce mutum na magana a cikin rijiya. Mata suka fara kallon juna. Wata ta ce a ƙara sauti, aka ƙara, kiɗan ne ya ƙaru.

Iya Turai ta matso, ta kara kunnenta a jikin 'yar sifikar, ta riƙe ta da hannu biyu. Ta daɗe a haka. Can ta ɗago ta dubi jikarta.

"Rufaida, an zo wajen Kaltume?"

Rufaida ta sunkuyar da kai cikin mayafi. "An wuce, Iya."

Wallahi jama'a, da ƙasa za ta tsage da Tasi'u ya shige. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ko kalle shi, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ya sulale ya hau babur ɗinsa, ko abincin biki bai taɓa ba.

Ya yi kwanaki bai buɗe shago ba. Daga baya ya koma Kano ya mayar wa Alhaji Ubale manyan sifikun, kansa a ƙasa, ya karɓo ƙananan da ya raina. Da ya kunna waƙar a kansu, nan take ya ji ɓarnar da ya yi. Ya gyara, ya gwada a wayarsa, ya gwada a rediyon mota, sannan ya nufi Yako.

Ya tarar da Iya Turai ita kaɗai tana tsince wake. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kunna mata. Sunan Kaltume ya fito tas. Tsohuwa ta ajiye faifan, hawaye na bin kumatunta, ta ce a maimaita.

"Iya, ki yafe ni," in ji Tasi'u.

"Na yafe maka, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka, ta yi daɗi." Ta share ido da bakin zani, ta dubi tsakar gidan da babu kowa. "Ni dai na so a ce mutane sun ji."

Darasi: Kayan aiki ko aboki, zaɓi wanda zai nuna maka kuskurenka tun kana iya gyarawa, ba wanda zai yi maka daɗin baki ba. Kuma in an ce ka duba aikinka, ka duba, don wata ranar ba ta dawowa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na gab da yin irin zaɓin Tasi'u.