Kofin da Gwang-sik Ya Kife

Akwai wani mai gyaran injin jirgin ruwa a birnin Busan na Koriya ta Kudu, sunansa Gwang-sik. Tun suna samari yake abota da Deok-bae mai sayar da kifi. Deok-bae ya ɗan girme shi, shi ya sa yake ce masa Yaya.

Kullum aka tashi aiki suna rumfar giya. Kuma a nan, in babba ya zuba maka, da hannu biyu kake karɓa, ba a cewa a'a.

Ranar da likita ya ce hantarsa ta fara lalacewa, Gwang-sik ya je rumfar kamar kullum. Deok-bae ya ɗaga kwalbar giyar soju zai zuba masa, sai Gwang-sik ya kife kofinsa a kan tebur.

Deok-bae ya daka masa tsawa.

"Kai! Ni za ka kife wa kofi a gaban mutane?"

"Yaya, yi haƙuri, likita ne ya..."

"Likitan ne ya taya ka ɗaukar gawar babanka, ko ni? Tashi ka ba mu wuri, je ka sha madara!"

Aka bushe da dariya. Daga ranar wayar Gwang-sik ta daina ƙara, har shi kansa ya ba kansa tausayi.

Zaman kaɗaici ya sa ya lalubo tsohon allon janggi, darar da Deok-bae ya koya masa kafin giya ta cinye musu yammaci. Ya kai shi lambun unguwa, inda dattawa ke zama. Wani tsoho ya cinye shi tas, ya ce, "Kai da hannu kake wasa ko da ƙafa? Gobe ka dawo, ina son nama mai taushi."

Ya dawo kuwa. Ya samu abokan hira, yana shan shayin sha'ir, yana komawa gida da hankalinsa.

Amma zuciyarsa na wurin Yayansa. Duk mako sai ya biya ta teburin kifi. "Yaya, zo mu buga ko sau ɗaya." Deok-bae ko kallonsa ba ya yi.

Ana nan, matar Deok-bae ta kira Gwang-sik tana kuka. Ya tarar da Yayansa a gadon asibiti, ya rame, idanu sun yi ɗorawa. Cikin 'yan rumfar babu wanda ya leƙo.

Gwang-sik ya shimfiɗa allon. Deok-bae ya yi ta tura 'ya'yan dara har ya yi dariya.

"Har yanzu ba ka iya ba, sakarai." Sai hawaye. "Ashe wannan muka bari. Bar shi haka, gobe in ƙarasa ka."

Bai kai goben ba.

A bakin kabari 'yan rumfa suka hallara, kowa na zuba wa mamaci soju bisa al'ada. Aka miƙa wa Gwang-sik kwalba. Ya ajiye ta gefe, ya cika kofi da shayin sha'ir, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Yaya, yau ni na zuba maka. Don Allah kada ka kife."

Darasi: Wanda ya ƙi shan abin da zai kashe shi ba raina ka ya yi ba, kada girman kai ya raba ka da shi. Abokan kwalba a bakin kwalba suke tsayawa. Ku tura wannan labari ga wanda kuke so ya daina sha tun da sauran lokaci.