Gidan Gwaggo Yalwa a Bakin Fadama

Ku gyara zama, na zo muku da wadda za ta hana ku cin tuwo cikin lumana.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Gwaggo Yalwa, mai gida a bakin fadama. Ƙasar wurin baƙar laka ce, munafuka. Da rani ta bushe ta yi tauri kamar dutse, magini ya ɗora gini yana murna. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, ta tsaga bango tun daga ƙasa har sama. Gidan Gwaggo ya faɗi, aka tayar, ya sake faɗuwa. Sai mai unguwa ya tako da kansa.

Ya ce, "Gwaggo, ki koma tudu. In ya ƙara rushewa bana, filin nan tashar mota zai zama."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ranka ya daɗe, ni na goye ka kana majina. A nan aka binne cibiyata, daga nan za a ɗauki gawata. Ka nemo wa motocinka wani wurin."

Ta kira 'ya'yanta uku, ta ce duk wanda ya sa gidan ya tsaya, shagon ƙofar gida mai kallon hanyar kasuwa nasa ne.

Jatau, babbansu, mai haƙar rijiya ne. Ya hana kowa taɓa bulo. Ya haƙa rami a kowace kusurwa, yana murza ƙasar a tafin hannu. Ta yamma ya iske marmara mai ƙarfi daidai ƙirjinsa. Ta gabas kuwa ya yi ta nutsewa har aka daina ganin hularsa, laka dai laka. Ashe gidan ƙafa ɗaya a dutse yake, ɗaya a kunu, ba wanda ya taɓa sani.

Mati magini ne, ga taurin kai irin na uwarsa. Ya ce ba zai yi siririn harsashi irin na tudu ba. Ya kwashe lakar sama, ya cika da marmara aka daddaɓe, ya saƙa rodi, ya zuba kankare shimfiɗa guda kamar tabarma a ƙarƙashin gidan duka, don in ƙasa ta motsa gidan ya motsa tare. Mutane na wucewa suna cewa ya binne siminti a banza. Ya ce su dawo da damina.

Cindo, autansu, manomin lambu ne, bai san gini ba amma ya san halin ruwa. Ya lura tsohuwar hanyar ruwan unguwa ta bayan ɗakin Gwaggo ta bi. Ya yanka lambatu ya karkatar da ita zuwa fadama. Ranar da aka yi ruwan da ya kwashe katangun maƙwabta, shara ta toshe lambatun, ya shiga har ƙugu ya buɗe da fartanya.

Damina ta wuce, ko tsaga mai kaurin gashi babu a bango. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, duk lokacin da mai unguwa ya gifta sai ta tambaye shi lafiyar motoci.

Saura shago. Jatau ya ce, "Da ban leƙa ƙasa ba, da Mati ya sake gina muku kabari."

Mati ya ce, "Yaya, rami ka haƙa. A rami Gwaggo take kwana?"

Cindo ya ce, "Ku yi ta cika baki. Da ban shiga ruwa ba, da tabarmar simintin nan taku tana fadama kwaɗi na salla a kai."

Gwaggo ta ɗaure mabuɗin shagon a bakin zanenta, ta ce shago ɗaya ne, ba ya rabuwa, kuma ba za ta bayar don girma ko don autanci ba.

To, ku da kuka iya gardama: wanda ya gane ƙasa, da wanda ya zuba harsashi, da wanda ya kori ruwa, wa za ta kwance wa mabuɗin nan?