Takwara Saboda Tsohon Burauza

A kakar audugar bana an yi wani tashin hankali a Funtuwa wanda har yau manya ba sa son tunawa da shi. Inuwa mai sikeli ya danna maɓalli, maɓallin bai yi komai ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Inuwa shi ne yake zama a bakin sikelin wani kamfanin gurzar auduga. Mota ta hau, ya shigar da nauyinta a shafin kamfani a kwamfuta, ta sauka, wata ta hau. Tun yana saurayi injin gurza ya gaisa da hannunsa na dama, gaisuwar da ta ɗan yi tsawo, don haka ba ya iya riƙe maus, ɗan linzamin nan na kwamfuta. Da hagu yake aiki, kuma da maɓallai kawai: ya haɗa biyu ya buɗe, ya haɗa wasu biyu ya adana. Masu hannu biyu ba sa kamo ƙafarsa.

Kwamfutar kuwa ta girmi wasu daga cikinku da ke zaune a nan. Ba a canja ta ba saboda sikelin ba ya magana da kowa sai ita. A cikinta akwai burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, shi ma sa'anta ne, kuma waɗanda suka ƙera shi sun daɗe da yi masa addu'a.

Abin da yake sa maɓallan Inuwa aiki wani ɗan ƙunshin umarni ne mai suna Yanke, wanda yake ajiye a intanet kyauta. Kowa ya so ya ɗauka ya sa a shafinsa, kowa ya ga lahani ya kawo gyara. Aikin sa kai ne, irin wanda ba a tuna mai yinsa sai ranar da za a zage shi. Wata rana aka sabunta Yanke, shafin kamfani ya ɗauko sabon da kansa, tsohon burauza ya duba ya ce bai san wannan yaren ba.

Motoci suka yi layi har bakin titi. Manaja ya zo ya jajanta wa Inuwa sosai, sannan ya ce idan ranar kasuwa ta zo abin yana nan yadda yake, za a nemo mai hannu biyu. Matar Inuwa, Saude, tana da tsohon ciki, na fari, bayan dogon jira. Bayan sallar la'asar Inuwa ya tsaya a ƙofar masallaci, gaban liman da jama'a, ya ce, "Ku shaida, duk wanda ya gyara mini maɓallan nan, in Allah ya ba ni namiji, na yi masa takwara." Jama'a suka shaida. Ba wanda ya tuna ya tambayi Saude.

Na farko shi ne Mannir, mai gyaran kwamfuta a bakin tasha. Kafin a kira shi an canja kibod, wato allon maɓallan, an sake canjawa, an hura mata iska da famfon keke, wani dattijo ma ya tofa mata addu'a, abin da bai cutar da ita ba. Mannir ya zauna gabanta yini guda yana atishawar ƙurar auduga, ya buɗe shafin a wayarsa ya ga lafiya lau, ya buɗe a kwamfutar ya ga shiru. Shi ya gano cewa kibod ba ta da laifi, Yanke ne ya daina kula tsofaffi. Ya rubuta rahoto a dandalin Yanke, dalla-dalla, aka yi kwanaki ba wanda ya tanka. Sai ya koma ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa akwai takwara ga wanda ya gyara. Kafin magariba aka tanka. Mannir mutum ne mai basira, amma sai daga baya ya lura cewa da hannunsa ya gayyato abokan takara. Da bai gano ciwon ba, da har yau ana canja kibod.

Na biyu shi ne Tasi'u, marubucin manhaja a Kaduna, wanda bai taɓa ganin Inuwa ba, bai taɓa ganin sikeli mai auna mota ba, kuma a cewarsa bai zaci akwai mai rai da ke amfani da wannan burauza ba. Ya tono tsofaffin bayanai, ya gano cewa sababbin burauza suna kiran kowane maɓalli da sunansa, tsohon kuwa da lamba ya san su, kamar ma'aikacin gidan yari. Sai ya rubuta wa Yanke tafinta a tsakani: tsoho ya faɗi lamba, tafinta ya mayar da ita suna. Ya bar aikin ofishinsa ya yi wannan, har maigidansa ya tambaye shi ko lafiya, ya ce haihuwa ake jira a gida. Bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi gidan wa ba. Da bai rubuta gyaran ba, da rahoton Mannir ya zama takardar ta'aziyya mai kyan tsari.

Na uku shi ne Sagir, wanda ya ƙirƙiro Yanke tun yana ɗalibi, kuma shi kaɗai yake da ikon shigar da gyara a ciki. A nan dole in faɗi gaskiya: Sagir ne ya cire tsohon burauza da kansa, ya rubuta cewa ba sauran mai amfani da shi a doron ƙasa, binciken da ya yi a cikin ɗakinsa. Daga nan ya tafi Zariya kiwon tarwaɗa, ya ce kifi ba ya aiko ƙorafi. Aka neme shi ta hannun kawunsa. Ya fito daga tafki, ya sha wahalar tuno kalmar sirrinsa, ya karanta gyaran Tasi'u, ya ga tafintan ya cika himma: yana fassara wa sababbin burauza ma, waɗanda ba su roƙe shi ba, ta yadda duk mai sabuwar kwamfuta da ya danna adana sai aikinsa ya goge. Sagir ya gyara wannan, ya shigar, ya saki sabon Yanke. Ranar bai canja wa kifinsa ruwa ba, wasu daga cikinsu kuma ba su jira bayani ba. Da bai buɗe ƙofa ba, da gyaran Tasi'u yana nan a waje yana sallama.

Ranar kasuwa Inuwa ya haɗa maɓallai biyu, shafi ya buɗe. Layi ya ƙare kafin azahar. Manaja ya zo ya ce shi dama bai taɓa shakka ba. Jim kaɗan bayan haka Saude ta haihu, namiji.

Su ukun suka iso gidan da barka, kowa da sabuwar shadda. Mannir ya ce likitan da ya gano cuta shi ne likita. Tasi'u ya ce gano cuta ba ya warkar da kowa, shi ya haɗa magani. Sagir ya ce maganin da Tasi'u ya haɗa zai warkar da mutum ɗaya ya kwantar da gari, kuma ba don Yanke ba da Inuwa bai samu aikin da za a ceta ba tun farko. Mannir ya ce, "Malam Sagir, ai kai ka tura shi rijiyar." Sagir ya ce, "Ni na haƙa ta kuma, shekara da shekaru yana shan ruwanta kyauta."

Aka aika ciki a ji ta bakin Saude. Ta ce a gaya musu ɗan fari ne, ko sunan wa aka sa ba za ta taɓa kiransa da bakinta ba, don haka su ƙarata can. Liman ya ce alkawari ɗaya aka yi, yaro ɗaya aka haifa, shi kuma suna ɗaya zai raɗa.

Ana cikin wannan muhawara aka kawo wuta da ƙarfi, tsohuwar kwamfutar ta yi hayaƙi ta cika. Kamfani ya sayo sabuwa haɗe da sabon sikeli, da burauza ɗan yayi wanda ba ya bukatar tafinta. Gyaran da mutum uku suka haɗu suka yi yana nan a cikin Yanke, ba mai amfani da shi a doron ƙasa.

Yaron kuwa yana nan lafiya, rago yana ɗaure, gobe suna. To, ku da kuka ji, Mannir, Tasi'u ko Sagir: sunan wa liman zai raɗa masa a kunne?