Abin da Ya Kai Kyanwa Gindin Murhu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, muna saurare.

Wata mata ce, Tabawa, ta haihu. A gidanta akwai Kyanwa uwar son jiki, da Kaza mai yawan surutu. Kun san ɗakin mai jego ba ya rabuwa da wuta. Rannan da safe Tabawa ta kwantar da jaririnta, ta tafi wankan jego. Kyanwa ta lallaɓa ta hau gado, ta naɗe a kan fuskar yaron.

Kaza ta leƙo ta gani, ta yi ta ƙyarƙyara har Tabawa ta fito a guje, ruwa na ɗiga a jikinta. Ta fizge Kyanwa. Yaro shiru. Can sai ya ja numfashi, ya tsala kuka. Tabawa ta zauna daɓas, ta ce, "Alhamdulillahi."

Sannan ta ɗauko muciya. Kyanwa ta ce, "Uwar gida, ban cije shi ba, ban yakushe shi ba. Ɗumi na bi."

Tabawa ta ce, "Ɗumin naki ya kusa raba ni da ɗana."

Kaza ta ce, "Ko kin dake ta, gobe za ta koma. Murhun da ake dafa ruwan wankanki, tokarsa ba ta hucewa. Bar mata can, in za ki fita kuma ki ja ƙyaure."

Haka aka yi, yaro ya samu barcinsa lafiya. Shi ya sa har yau kyanwa take kwanciya a gindin murhu.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, shi ma ya sha, don Kyanwa tana can cikin toka tana minshari.