Siginar da Ta Nuna Dama

Akwai wani manomi a Balan, ta ƙasar Gaya, ana ce masa Ɗanasabe. Magidanci ne mai ƴaƴa ƙanana, ba shi da wata kadara da ta wuce gonarsa ta gyaɗa da wani tsohon babur da ya gada wajen mahaifinsa.

Babur ɗin ya sha jiki. Fitilun sigina na gaba sun daɗe da karyewa, na baya kaɗai suka rage. Duk da haka Ɗanasabe ba ya shan kwana sai ya kunna su.

Ana gab da cirar gyaɗa, sai makunnin siginar ya daina aiki. Ya kai wa wani mai gyaran wutar babur a Gaya. Mai gyaran ya ce sabon irin wannan makunni ya yi wuyar samu, don haka ya lalubo wani na hannu a cikin tarkacensa, ya harhaɗa wayoyi, ya naɗe su da salatif. Mutane sun yi masa yawa a ranar. Ya ɗan leƙa baya kawai ya ce, "Ta kawo, Malam." Ɗanasabe ya yi godiya ya hau abinsa.

Ranar kasuwar Ajingi ya fito da hantsi zai je sayen buhuna. Da ya kusa mahaɗar da zai shiga ta hannun hagu, ya tura makunni hagu kamar yadda ya saba, ya rage gudu, ya karkata.

Bai ankara ba sai ƙarar birki. Wata bas da ke bayansa ta fito za ta wuce shi ta hagun, ta buge shi. Ya faɗi gefe guda, babur gefe guda, ƙafarsa ta karye a ƙasan gwiwa.

Kafin ya dawo hayyacinsa an cika wurin. Masu haya da babur sun janyo direban daga mota, sun shaƙe masa wuyan riga. Saurayi ne siriri mai suna Bubayero, kwanan nan aka damƙa masa motar. Wani ya riga ya mare shi, wasu na cewa a farfasa gilashin.

"Wallahi hannun dama ya nuna," in ji Bubayero. "Na ɗauka zai sauka gefen titi ne. Ku bari in kai shi asibiti, daga baya ku yi mini duk abin da kuka ga dama."

"Ƙarya yake," wani ya ce. "Haka suke, ba sa ganin mai babur da daraja."

Ɗanasabe na kwance, kansa a cinyar maƙwabcinsa Dalhatu, wanda shi ma kasuwa ta kawo shi. Ya tabbata hagu ya tura. Amma rantsuwar saurayin ta tsaya masa a rai, domin ba ta yi kama da ta mai neman mafita ba. Sai ya tuna gyaran da aka yi. Shi dai bai zagaya baya ya duba da idonsa ba.

"Dalhatu," ya ce a hankali, "ɗaga babur ɗin nan ka tayar da shi. Ka tura makunnin hagu."

Dalhatu ya gane inda ya dosa. Ya sunkuyo kusa da kunnensa. "Ka rufa wa kanka asiri. Idan ka yi shiru, mai motar ne zai ɗauki nauyin jinyarka. Ga gyaɗa ta nuna, ga yara. Wa zai tsaya maka?"

Ɗanasabe ya rufe ido. Ya hango matarsa Hansai da yaran, ya hango gonar da babu mai cire ta. Maganar Dalhatu ba ƙarya ba ce, kuma ya san don ƙauna ya faɗe ta. Sai ya ji an sake kai wa saurayin duka.

"Tayar da shi," ya ce. "Idan ni ne da gaskiya, kowa zai gani."

Dalhatu ya ɗaga babur ɗin, ya yi ta bugawa har ya tashi. Ya nuna wa jama'a babban yatsansa, ya tura makunnin hagu.

Fitilar dama ta fara ƙiftawa.

Wanda ya riƙe wuyan rigar Bubayero ya sake shi, ya ja da baya.

"Wane mai gyara ne ya yi maka wannan aiki?" wani ya tambaya a fusace.

"Ku bar wannan," in ji Ɗanasabe. "Babur nawa ne, ni ya kamata in duba. Ku dai ba yaron nan haƙuri." Ya juya ga direban. "Ka yafe mini, ɗan'uwa. An dake ka ba da haƙƙinka ba."

Bubayero ya share jinin da ke leɓensa, ya buɗe ƙofar mota, ya roƙi fasinjojin gaba su matsa. Shi da Dalhatu suka ɗauki Ɗanasabe suka kai shi asibiti a Gaya.

Jinyar ta yi tsawo, kuma ta ci abin da ke gidan. Hansai ta sayar da awakinta. Ba ta taɓa yi masa gori ba, amma wata rana da take gasa masa ƙafar ta ce, "Malam, gyaɗa ta fara tsiro a ƙasa."

Washegari da safe suka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Bubayero ne, tare da ƴan'uwansa da wasu abokan aikinsa na tasha, kowa da fartanya a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaida Ɗanasabe.

"Baba, mai motar ya ji yadda aka yi, ya bar mini makulli. Da ka yi shiru rannan, da yanzu ba ni da aiki, in ma na tsira da lafiyata. A nuna mana gonar."

Ba su daina zuwa ba sai da gyaɗar ta shiga rumbu. Mai gyaran ma da labari ya kai masa, ya zo har gida ya nemi gafara, ya gyara wayoyin.

Ɗanasabe ya warke, sai dai har yau yana ɗan ɗingishi. Idan mutane suka ce ya cuci kansa, yakan ce shi dai yana samun barci.

Darasi: Faɗin gaskiya a lokacin da shiru zai fi yi maka amfani yana da ɗaci, amma Allah ba ya tozarta mai yin sa. Kada mu yanke wa mutum hukunci kafin mu bincika, kuma duk wanda aka yi wa gyara ya duba da idonsa kafin ya hau titi. Ku tura wa ƴan'uwa, musamman masu babur da direbobi.