Cinikin da Dela Ta Yi da Ɗiyarta

Akwai wata mata a garin Illo, can ƙasar Bagudo kusa da iyakar Benin, sunanta Dela. Ta ci ciniki mafi girma a rayuwarta: ta ce sai ɗiyarta ta bar waƙa ta dawo gida, kuma haka aka yi. Abin da ta rasa a cinikin shi ne muryar ɗiyar, gaba ɗayanta.

Busasshen kifi Dela take sayarwa, kuma duk kasuwa an san tsarinta. Tayin farko sai ta ce "albarka", ko kai ba ta ɗagowa. Tayi na biyu ma albarka. Sauran mata 'yan kasuwa, in mai sayensu ya juya zai tafi, sukan kira shi su ce ya kawo kuɗin. Dela ba ta taɓa kiran kowa ba. Ta san kifinta. Mutum zai zagaya kasuwar ya dawo da ƙafarsa, sai a zuwa na uku take sallamawa.

Tana kuma da ido. Da ta ga mai saye yana waiwayen motarsa kada ta tashi ta bar shi, a nan take ƙara tauri.

Mijinta Yero ya rasu shekara goma sha bakwai da suka wuce. Kwalekwale ne ya kife da shi a kogin Kwara, zai ƙetara sayo mata kifi. A safiyar akwai iska, ya ce a bari sai gobe. Dela ta ce in ya bari wasu za su kwashe mai kyan. Ya tafi.

Bayan ta fita takaba ba a ga hawayenta ba. Sai dai in tana gyaran kifi ita kaɗai a tsakar gida takan rera wata waƙa da ta tsara da kanta:

"Na shimfiɗa tabarma bakin Kwara,
Jirgin kowa ya iso, ban da naka."

Rabin farko take rerawa da baki. In ta zo rabin na biyu sai ta rufe baki ta bi shi da guna-guni, domin a cikinsa ne take faɗin cewa ita ta tura shi.

Ɗiyarta tilo, Mansura, tana da shekara tara a lokacin. Tana jin waƙar kullum har ta zauna mata a kai.

Mansura ta girma, ta yi makaranta a Birnin Kebbi, daga nan ta bi waƙa. Uwar ba ta so ba, amma ba ta hana ba. Ta fara da gidajen biki a Kwatano, sannan ta koma Legas. Irin waƙoƙin nan take yi masu tafiya a hankali, da jita da fiyano, muryarta mai kauri da ɗan karyewa a ƙarshen baiti. Waƙarta ta farko ba ta je ko'ina ba. Ta biyu ta kai lamba tara a jerin waƙoƙin da aka fi saurara a ƙasa.

Ta uku ita ce "Bakin Kwara".

Wata ranar kasuwa wani ɗan kabu-kabu ya tsaya gaban rumfar Dela, lasifika ɗaure a kan babur. Dela tana juya kifi sai ta ji kalmominta suna fita daga lasifikar. Hannunta ya tsaya. Mutumin yana kaɗa kai, yana sakace haƙori.

Hussaina mai tattasai, maƙwabciyar rumfarta kuma abokiyar tsokanarta tun ƙuruciya, ta leƙo.

"Dela, ke kaɗai ba ki sani ba. Ɗiyarki ta lamba ɗaya."

"Lamba ɗaya a mi?"

"A waƙa mana. An nuna min a waya. Sati shida ke nan ba wanda ya ture ta. Har Turawa na saurare."

"Waƙar wa?"

"Tata."

"Tawa ce," in ji Dela. "Ni ban taɓa barin ko kan kifi ya fita rumfar nan ban yanka mai kuɗi ba. Ita ta ɗauki ubanta ta kai kasuwa, ko tayi ba ta yi min ba."

Hussaina ta ce, "To sai ki bi Turawan gida-gida ki karɓo." Da ta ga fuskar Dela sai ta koma wajen tattasanta.

Waƙar ta yi sati goma sha huɗu a lamba ɗaya. An ba Mansura kambun gwarzuwar shekara a Legas. Ana sa waƙar a Yamai, ana sa ta a Kwatano, a tasha, a shagon aski, a wajen biki. Duk inda Dela ta juya, makokinta ne ke tashi, mutane na cin tsire a kansa. Ta daina ɗaukar wayar ɗiyarta.

Sai Mansura ta zo da kanta, da motoci biyu. Ta durƙusa a tsakar gida ta ce, "Inna, na yi laifi. Na ɗauka ban tambaya ba. Ki yafe mini." Ta ce ta sayi fili a bakin hanya, za ta gina mata gida. Sannan ta roƙi abu ɗaya: uwar ta zo su rera waƙar tare, ta sa rabin nan na biyu da ba wanda ya taɓa ji.

Dela ta ci gaba da tsintar ƙaya a kifi. Ta ce, "Albarka."

"Inna, ba ciniki na zo ba."

"Kin zo da gida a hannu guda, kina son waƙa a ɗayan. Mi sunan wanga in ba ciniki ba?"

Mansura ta koma.

Bayan wata biyu ta sake zuwa. Wannan karon ita kaɗai, a motar haya. Ta rame. Muryarta ta dishe, tana magana tana kurɓar ruwan ɗumi daga wata 'yar gora. Dela ta tambaye ta, ta ce mura ce.

"Inna, so nake mu yi aikin nan cikin watan nan. Ba sai kin je Legas ba, za a kawo kayan ɗaukar murya har gida. Yini ɗaya kawai."

"Mi ya sa sai wanga wata?"

"Ba ni da lokaci, Inna."

Dela ta dube ta da kyau. Ta ga hannunta yana murza bakin mayafi. Ta ga idon da ba ya zama wuri ɗaya. Shekara talatin tana ganin wannan a gaban rumfarta, kuma abu ɗaya ta san yana nufi: mai saye ya matsu.

"Duk mai saye haka yake cewa," in ji ta. "Ga kuɗina. Ki bar waƙa, ki dawo gida ki zauna. Ran da kinka yi haka, in ba ki rabin na biyu ki rera ma kanki cikin ɗaki."

"Idan na bari, wa zai ji?"

"Wa na ce ya ji tun farko?"

Mansura ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta fasa. Ta tashi ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta jima tana gyara takalmi. Dela tana ganin bayanta. Ba ta kira ta ba.

Da Hussaina ta ji labari ta ce, "Ke Dela, ɗiya ce, ba buhun kifi ba. Ba ki ga wuyanta ba?"

"Za ta dawo. Na ukun zan ba ta."

Kuma da gaske take. Ba ta taɓa nufin yarinyar ta bar waƙa ba, ta faɗa ne don a rage. Ta ma fara buɗe baki tana gwada rabin na biyu in ba kowa a gidan. Ta sayi atamfa ta kai ɗinki don ranar da za a kawo kayan ɗauka. Kowace Juma'a Mansura takan kira wayar Hussaina, tunda uwar ba ta ɗauka. Amsar Dela ɗaya ce: "In tana so ta taho da ƙahwarta."

Aka yi wata biyar a haka. Sai kiran ya tsaya.

Ranar wata Talata da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani mutum mai furfura ya fito ya yi sallama, ya ce sunansa Attahiru, shi ne yake haɗa wa Mansura kiɗa tun waƙarta ta farko. Ya buɗe ƙofar baya. Mansura ta fito a hankali, da farin ƙyalle naɗe a wuyanta.

Dela ta gyara zama, zuciyarta fari. Ga zuwa na uku. Ta shirya kalmar sallamawa a bakinta.

Mansura ta durƙusa. Ba ta gaishe ta ba. Ta ciro ɗan littafi ta yi rubutu ta miƙa mata.

Dela ta riƙe takardar. Ita lambobi ta sani, sai sunanta in an rubuta da manyan baƙaƙe. Ta juya takardar, ta sake juyawa.

"Mi ne ne wanga? Bakinki fa?"

Attahiru ya karɓa ya karanta: "Na bar waƙa, Inna. Na dawo."

Shi ne ya yi mata bayani. Tun kafin zuwa na biyu likita ya ga ƙari a maƙogwaron Mansura. Ya ce a cire cikin makonni kaɗan, kuma ko an yi da wuri muryar tana iya canzawa. Shi ya sa ta so su rera waƙar tare kafin wuƙa ta taɓa ta. Ta yi ta ɗaga ranar tiyata tana jiran uwar ta amince. Da aka shiga da ita a ƙarshe, abin ya bazu. Sai da aka cire wurin da murya take fita, don a ceci ranta.

"Mi ya hana ta faɗa min?"

"Na roƙe ta, Inna. Ta ce in ta faɗa, tausayi ne zai sa ki ba ta. Ita yafiya take so."

Dela ta juya. Ta dubi ɗiyarta, ɗiyar ta dube ta.

Mansura ta zauna a gida kamar yadda aka buƙata. Tana taya shanya kifi. In tana son magana sai ta rubuta, uwar ta riƙe takardar ta rasa yadda za ta yi da ita, har sai an sami mai karantawa. Abin da ba a son wani ya ji kuwa, sai ya zauna ba a faɗa ba. A waje ana ta sa "Bakin Kwara", domin da labarin ciwon ya fita waƙar ta sake komawa lamba ɗaya. Dela, wadda a da take toshe kunne, yanzu in babur mai lasifika ya wuce sai ta bi shi da kunne har ya sha kwana.

Bayan wata ɗaya Attahiru ya dawo da wata 'yar na'ura. Ya ce kamfani yana son fitar da kundin waƙoƙin Mansura na ƙarshe. Kafin a yi tiyata, Mansura ta shiga situdiyo ta rera nata rabin, ta bar gurbi. Suna roƙon Dela ta cike shi. Ya ce an ba shi izini ta faɗi kuɗinta, duk abin da take so, kada ta ji nauyi.

Hussaina tana wurin. Ta ce, "Malam, ka zauna da kyau. Wagga sai ka zo sau uku."

Dela ta ce, "Kunna in ji."

Ya kunna. Fiyano ya fara, muryar Mansura ta shigo a dishe, tana jan kowane baiti da ƙyar. Ta kai "ban da naka". Sai waƙa ta tsaya, kiɗa na tafiya shi kaɗai. A cikin gurbin aka ji ta yi tari, ta yi 'yar dariya, ta ce da muryar hira:

"Malam Attahiru, kada ka cike nan. Nan Inna za ta shiga. Za ta zo, ai na san halinta. Innata sai ta ja rai."

Attahiru ya yi saurin cewa, "Wannan maganar za mu goge ta, kuskuren ɗauka ne."

"Mai da baya," in ji Dela.

Ya mayar. Ta sa ya mayar har sau huɗu. Mansura tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, kanta a ƙasa.

Dela ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauro sabuwar atamfarta. Ta dawo ta zauna kusa da ɗiyarta, ta kama hannunta.

"Zan rera," in ji ta. "Za ta ji abin da na yi ma ubanta, duniya ma ta ji."

"Nawa za mu rubuta, Inna?"

"Wanga wuri da ka ce za ka goge. Ka sa min shi a waya, ka nuna min inda zan danna. Shi ne kuɗina. Na sallama."

Darasi: Kada ka kai halin kasuwa cikin gida. Wanda ya zo neman yafiyarka ba mai saye ba ne da zai zagaya ya dawo, kuma ba ka san abin da ya sa yake sauri ba. In ɗanka ko wani naka ya durƙusa a gabanka, ka amsa tun yana iya magana. Ka tura wannan labari ga wanda ka san yana jan rai da wani nasa, wataƙila ya kira shi yau.