Takardar da Seth Ya Sa wa Hannu

Akwai wani masaƙi a garinmu nan yankin Lankasha na Ingila mai suna Seth Holroyd, a shekarun da aka fara gasar lig, ƙwallo ta zama sana'a. Ran Asabar in ya ja ƙwallo, sai dai a bi shi da kallo. Yabo ya hau masa kai, har gaisuwa ta fara yi masa nauyi.

Kulob ɗin garin ya kawo masa takarda, fam biyu a mako. Seth bai iya karatu ba, tun yana shekara takwas yake masaƙa. Yayansa Amos ya ce, "Kawo in karanta maka kafin ka sa hannu."

"Yaya, koma kan zarenka. Da ƙafa ake buga ƙwallo, ba da tabarau ba."

Ya dangwala hannu. A ranar ya bar masaƙa, ya ce wa shugaban ma'aikata ya ba ragwaye injinsa.

A shekara ta biyu ya zagi sakataren kulob a gaban 'yan kallo. Aka ajiye shi, albashi ya tsaya. Ko a jikinsa, don kulob ɗin maƙwabta na zawarcinsa. Ya je karɓar sallama yana taƙama.

Sakatare ya ce, "Sunanka na rajistarmu. In ba mu sake ka ba, babu kulob ɗin lig da zai sa ka wasa."

"To ku sa ni."

"Ba ma so."

"Ku sake ni mana, ranka ya daɗe."

"Yau kuma ni ne ranka ya daɗe? Wannan sharaɗin yana cikin takardar da ka sa wa hannu."

Masaƙa ta ƙi karɓarsa. Ya faɗa aikin haƙa a ramin kwal, yana jiran kulob ya huce. Wallahi ya ban tausayi, duk da shi ya jawo wa kansa.

Sai bayan shekara biyar suka sake shi, lokacin ƙurar kwal ta gama da ƙirjinsa. Ya taka da ƙafa zuwa kulob ɗin maƙwabta, ya bi layin masu gwaji. Mai horarwa ya ce, "Ruga ka taɓo waccan ragar ka dawo."

Seth ya ruga. Bai kai tsakiyar fili ba ya durƙusa yana tari. Kafin ya ɗago, mai horarwa ya riga ya kira na gaba.

Darasi: Baiwa ba ta hana ka neman shawara, kuma wanda ka raina yau yana iya riƙe makomarka gobe. Kada ka sa hannu a abin da ba ka fahimta ba. Ku tura wa duk matashin da yabo ya fara ruɗa.